Kujerar Baban Surukina

Litinin, 3 ga Maris
Shagon kafinta, injina uku, gida mai bene, 'ya'ya huɗu duk sun yi karatu. Ba wanda ya miƙo min ko ƙusa. Amma yau ni 'yata Auta za ta koya wa daidai da ba daidai ba. Mijinta, wanda iyayensa suka zo daga wata ƙasa, ya kai mahaifinsa gidan kula da tsofaffi. Wai har tana ce min, "Baba, a wajensu ba laifi ba ne." Na ce duk ƙasar da aka kai ma'aunina, karkataccen katako karkatacce ne. Kada mijin nan ya sake taka min gida.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta aiko cewa in ba da shi ba, ita ma ba za ta zo ba.

Asabar, 15 ga Maris
Shiru. Na ce ban san inda yarinyar nan ta gado taurin kai ba. Uwarta ta ce ita ta sani.

Laraba, 19 ga Maris
Na je gidan tsofaffin, don in samu hujja kawai. Na tarar da surukin nawa durƙushe, ƙafar ubansa a cinyarsa, yana yanke masa farce. Mai jinya ta ce kullum sai ya biyo kafin ya wuce aiki. Ya miƙe yana "Sannu da zuwa, Baba," abin yanke farcen har ya faɗi.

Tsohon, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, amma bakin garau. Wai shi ya ce a kawo shi. "A wajenmu abin kunya ne matar ɗanka ta riƙa juya ka a gado. 'Yarka nake tausaya wa." Na fara, "Mu kuwa a wajenmu..." Ya ce, "Kafinta, ajiye wa'azin, duba min kujerar nan, ta gama da bayana."

Kujerar banza ce kuwa. Ko almajirin shagona ba zai yi ta ba.

Lahadi, 23 ga Maris
Ban canza ra'ayi ba. Yasar da uba laifi ne ko'ina a duniya. Ko wannan yasarwa ce, shi ne dai...
Na auno bayan tsohon. Ya ce hannuna sanyi kamar na likita.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Kujera ta kammala. Surukin ne ya goge hannuwanta, bai iya ba, amma bai gaji ba. Ya ci abinci a gidana, shi da Auta, tunda dole wani ya ɗauki kujerar. Auta sai murmushi take cikin kwano. Ban kula ta ba.

Na gaya masa a sassaƙa sunana a bayan kujerar da manyan baƙaƙe, duk wanda ya shiga ɗakin ya san wanda ya yi ta. Nasa ma a sa. A ƙasan nawa.