Sikelin Gado Na Tara

Litinin, 3 ga Maris

Kwana shida ke nan a gado na tara. Likita ya ce in gyambon nan bai fara cikowa ba kafin ƙarshen wata, za su yanke daga idon sawu. Yana faɗa yana duba waya. Ƙafar da na shekara saba'in da ɗaya ina takawa.

Auta ce ta kawo ni, ita ta kawo littafin nan ma, wai in riƙa rubutu in daina yi wa mutane faɗa. Rubutun zan yi. Faɗan ban ce na bari ba.

Talata, 4 ga Maris

Akwai wata nas, na sa mata suna Soja. Ba ta dariya. Na ce ta zuba mini aidin, mai zafin nan da ke sa mutum ya san magani ya shiga, sannan ta bar ciwon ya sha iska. Ta ce an daina, wai bincike ya nuna wankewa da ruwan gishiri a rufe ya fi. Na ce shi mai binciken ƙafata ya duba? Ta naɗe ta yi gaba abinta.

Abokin aikinta kuwa, Ɗan Fara'a, ɗan albarka ne. "Baba na kaina, yau wa za mu kora daga aiki?" Ina son ranar aikinsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Wata ta zo da jaka cike da takardu, tana raba wa nas-nas da likitoci. Wai ana auna ko suna bin sabon tsarin da aka manna a bango: a wanke hannu kafin a taɓa ciwo, a wanke ciwon da ruwan gishiri, a rufe. Kowa zai rubuta da kansa ko yana yi kullum, ko wani lokaci, ko ba ya yi.

Na miƙa hannu na ce ina tawa? Ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Baba, wannan ta ma'aikata ce."

To. Ciwon nawa, takardar tasu.

Asabar, 8 ga Maris

Na ji babbar nas tana murna a bakin ƙofa, wai casa'in da shida cikin ɗari sun ce kullum suna yi. Na yi dariya har direban da ke gado na takwas ya ce ko an canja mini magani ne.

Shekara talatin da huɗu na yi a kan sikeli a sito. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin buhu na koyi baƙi da lamba. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar buhu nauyinsa ba. Ɗora shi nake yi. Ranar da suka kawo sikeli mai lantarki suka sallame ni da agogon bango, ko batir babu a ciki. Wannan ma ban manta ba.

Litinin, 10 ga Maris

Mai Takarda ta dawo, yau ta zauna a kujera kusa da famfo da biro a hannu, tana kallo. Kai, ka ga wanke hannu! Har layi aka yi. Likita ya wanke har gwiwar hannu kamar wanda ya gama gyaran mota.

Haka muke a sito ranar da mai duba sikeli zai zo. Kowa waliyyi.

Tana fita na buɗe shafin baya na ja layuka. Kowa da gidansa. Wanda ya wanke, sanda a tsaye. Wanda bai wanke ba, sanda a kwance. Daga gadona ina hango famfon da gadaje goma sha biyu duka. Soja nake so in kama. Zan nuna mata binciken da ba a jami'a aka yi ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ciwon na wari. Ban gaya wa Auta ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Direba ya shiga aikin. In na shiga bayi shi ke riƙe ƙidayar da yatsu. Ya ce in an ba mu muƙami shi ne mataimaki. Na ce ka fara iya wuce goma tukun.

Auta ta leƙa shafin ta ce, "Baba, don Allah kar ka jawo su tsane mu." Na ce ai ba ni na haifi sandunan ba, zana su kawai nake yi.

Litinin, 17 ga Maris

Na haɗa na mako guda. Sau uku ina sake ƙirgawa.

Soja: arba'in da ɗaya a tsaye. A kwance babu ko ɗaya.

Ɗan Fara'a: bakwai a tsaye, ashirin da shida a kwance. Likita: tara da goma sha huɗu. Sauran suna tsakani.

Abincin rana ya ƙi shiga. Biro na hannuna, ba mai gani. Sanda biyu kawai in kwantar a gidan Soja, me zai faru? Amma ni ne mutumin da mai sito ya ce in riƙa danna sikeli da yatsa na ƙi, ya daina gaishe ni wata huɗu. Na rufe littafin.

Wani abin kuma da na lura: gado na ɗaya zuwa na huɗu, masu kusa da famfo, kusan kowa na wanke musu. Daga na bakwai zuwa ƙurya sai a hankali. Taku ashirin da biyu ne daga gadona zuwa famfo, na ƙirga a ƙafar Soja. Ita kaɗai ke yin tafiyar nan kowane lokaci.

Talata, 18 ga Maris

Na tare Mai Takarda da sandata. Ta soma murmushin nan nata, na buɗe mata shafin. Murmushin ya ɗauke. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce wa ya koya mini wannan? Na ce buhuna. Ta tambaya ko da ƙarfe nawa nake farawa, wa ke ƙirgawa in na yi barcin rana. Na ce ai inda na yi barci na bar gurbi, ga shi nan, ban cike da ƙarya ba.

Ta ce, "Baba, abin da na yi wata biyu ina nema ke nan."

Na ce da kin ba ni takarda tun ran nan.

Alhamis, 20 ga Maris

Yau rana ce! A keken marasa lafiya aka tura ni har ɗakin taronsu, na sa Auta ta kawo mini hulata mai kyau. Sun haska shafina a bango, rubutuna, sandunana, ƙato-ƙato. An rufe sunaye, amma kowa ya gane gidansa. Takardarsu casa'in da shida cikin ɗari, tawa hamsin da ɗaya.

Wani ya ce ai mara lafiya ba mai bincike ba ne. Na ce gaskiya ne, ɗana, ni dai ba ni da wurin zuwa ne, shi ya sa na ga abin da mai zuwa awa biyu bai gani ba. Aka yi dariya. Likita bai yi ba. Ya daɗe yana kallon bangon, ya ce, "Goma sha huɗun nan gidana ne." Wayarsa na aljihu, ko taɓa ta bai yi ba.

Na faɗa musu zancen taku ashirin da biyu. Babbar nas ta rubuta. Ni aka rubuta maganata!

Juma'a, 21 ga Maris

An ɗaura kwalbar maganin goge hannu a ƙafar kowane gado. Direba ya ce a sa mata sunana.

Ɗan Fara'a ya zo ba fara'a. "Baba, ka kashe ni." Na ce goge hannunka mu gaisa.

Asabar, 22 ga Maris

Soja ta gama naɗe ƙafar, ta ciro ɗan kati daga aljihu ta ajiye mini a cinya. Sanduna goma sha uku, duk a kwance.

"Wannan gidanka ne, Baba. Sau nawa na zo na tarar an kwance bandejin don ciwo ya sha iska."

Na ce ƙila direba ne. Direba ya ce Allah ya isa.

Na ɗauki katin na sa a cikin littafin. Ƙidayarta daidai ce, ni na san sha uku ne.

Laraba, 26 ga Maris

Kwana huɗu ban taɓa bandejin ba. Ciwon na ƙaiƙayi kamar zan yi hauka. Na zauna a kan hannuwana.

Shafin baya: hamsin da takwas a tsaye, biyar a kwance. Ɗan Fara'a har ɗaga mini tafin hannu yake yi daga nesa.

Litinin, 31 ga Maris

Likita ya goge hannu, ya buɗe, ya sa ɗan ma'auni a bakin gyambon. Ya ragu da kusan rabi, nama ja ya taso, warin ya tafi. Ba za a yanke ba.

Auta ta yi ta kuka. Ni kwalbar nan ce ta shiga mini ido, ƙarfi gare ta.

Na ce wa likita ƙidayata ce ta yi aiki. Ya ce haka ne. Soja na tsaye tana naɗe bandeji, ta ce haka ne. Sai na ga kamar gefen bakinta ya motsa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Gida. Na taka daga ɗaki zuwa bakin ƙofa, taku ashirin da biyu, da ƙafata biyu.

Maƙwabcina ya zo dubiya da kwalbar aidin, wai in buɗe ciwon ya sha iska. Na ce an daina. Ya ce in ji wa? Na ce bincike.

Katin Soja na cikin littafin nan. Na ja layi a ƙarƙashin sha ukun. Yau sanda goma sha biyar a tsaye, ɗaya a kowace ranar da ban kwance bandeji ba. Ranar Laraba zan je wankin ciwo, zan tafi da shi. Ba don ta gani ba. Don dai kar ya ɓata.