Buntun da Na Cusa a Zanen Iya

Daga gidan Datti Mai Akumari,
kusa da Bunkure.

Zuwa ga 'yata Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abdulsamad da 'yan ƙananan, ya tsare ku da sharrin baƙunta da ruwan Fatakwal ɗin nan da ba ya gajiya. Mu nan lafiya sai godiya, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙi ni tun da sanyi ya fara. An gama yankan shinkafa, yayanki Usaini ya sami abin da Allah ya ba shi, yanzu suna gyaran gona don alkama, ana jiran a sako ruwa a kanal. Matarsa Saliha ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na gaya mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, ko da ita nake suka a ciki, kada ta ƙara gishiri kada ta rage. Za ki ce me ya hana in kira a waya. A waya ba kya bari mutum ya kai aya, kuma abin da zan faɗa ba na son in ji numfashinki a lokacin da kike jinsa.

Maganar 'yarki Aziza ce, kuma tun kafin zuciyarki ta tsinke, tana nan garau, ɗazu ma ta wuce Islamiyya tana tsokanata wai gemuna ya yi kama da tsintsiyar da aka gaji da ita. Kin san tun ranar da aka yaye ta mahaifiyarku Iya, Allah ya jiƙanta, ta goyo ta zuwa gidan nan riƙo. Shekara biyu ke nan da rasuwar Iya, kuma shekara biyu ke nan kuna neman a mayar muku da yarinya ina ƙi. Da kuka zo Babbar Sallah, mijinki ya shiga ɗakin da take kwana yana duban kusurwoyi kamar duba-gari, ya fito ya ce wa Usaini yarinya mai shekara bakwai bai kamata tana kwana a tabarma ba. A hankali ya faɗa, har da haɗawa da Turanci, amma kunnen tsoho ba ya mutuwa a kan irin wannan. A tabarmar nan aka raini matar da ya zo ya durƙusa yana nema. Kuna tafiya na je wurin Ɗanladi kafinta na ce ya yi mata gado, ya kuwa yi, na katako mai ƙarfi, da allo a wajen kai, fili babu ado.

Kin tuna a waya na gaya miki ta buga ƙeya a allon har ta yi ƙulu, don ba ta hawa gado sai da tsalle. Abdulsamad ya karɓi wayar ya ce a sayo soso, a kira Ɗanladi ya lulluɓe allon yadda ake yi wa kujerun birni. Na amsa masa da to. Amma a raina na ce, ni da na yi shekara arba'in ina ɗinka akumari, abin da ake ɗora wa jaki a baya kafin kaya, daga Bunkure har Garun Malam babu jakin da ya taɓa yin miki a ƙarƙashin aikina, yau ni za a koya wa yadda ake tausasa katako? Tun da babura suka kori jakuna ba wanda ya ƙara tambayata basilla, babbar allurar ɗinkin akumari. Na ce wannan karon dai kan jikata da hannuna zan tare shi.

Na cire allon na kwantar da shi a gindin mangwaro. Na ɗinka jaka da sabon buhu daidai faɗinsa, na sa aka kwaso min buntun shinkafa daga wurin masu inji a Kura, ɓawon nan da suke tarawa tsibi-tsibi, na cusa na danna da taɓarya, na bi shi da ɗinki layi-layi don kada ya zube ƙasa ya bar sama fayau. Haka ake yin akumari. Saliha ta tsaya a kaina ta ce, Baba, buntun nan akwai tsakin shinkafa a ciki, kuma yanzu da aka yi yanka ana ƙona gonaki ɓeraye gida suke gudowa. Na ce mata lokacin da na fara cusa buntu uwarta ma ba ta iya ɗaura zane ba. Ga ta nan tana rubuta wannan da hannunta, ba ta ko ɗago kai ba, kuma na fi son da ta yi dariya.

Yanzu ga wurin da ya fi min nauyi. Da na gama jakar na ga buhu ba abin da za a sa kan yarinya ba ne. Saliha ta kawo wata atamfa, na ƙi, na ce mai furanni ta 'yan birni ce. Na shiga ɗakin Iya na buɗe akwati na ɗauko zanen saƙin nan baƙi, rinin Kura, wanda ta zo gidan nan da shi tana amarya. Na sani, Ummu. Na sani ranar rabon kayanta ba ki nemi awarwaro ko kwano ba, shi kaɗai kika ce a ajiye miki, kika bar shi a nan don kin ce laimar can tana cin tufafi. Na gaya wa kaina ai 'yarki ce za ta kwana a jikinsa, kuma Iya da ta goya ta ba za ta ƙi ba. Gaskiyar ita ce so nake in kun zo mijinki ya shiga ɗakin ya rasa abin cewa. Na sa almakashi na rage gefe, na ja shi ya miƙe, na naɗe kusurwoyi, na kafe shi ta bayan allon da ƙananan ƙusoshi, kowace da ɗan guntun fata a ƙarƙashin kanta don kada ta yaga saƙa. Kwana uku na yi, sannan na mayar da allon jikin gadon. Kuma ya yi kyau, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Aziza ta tara ƙawayenta suna jingina ɗaya bayan ɗaya, ta sa hanci ta ce yana ƙamshin Iya.

Abin da na manta shi ne akumari kullum yana rana, yana tafiya, in an sauke a rataye shi a reshe. Bai taɓa zama wuri ɗaya a jikin bango cikin ɗaki mai duhu ba. Bayan kwana goma sha biyu, wata safiya yarinya ta fito tana riƙe da ɗan yatsa yana jini, ɓera ya cije ta. Da muka janye gadon, sai ga buntu a zube, uwar ɓera ta yi gida tsakanin allo da bango har da 'ya'ya. Sun shiga ta ƙasa, sun ci buhun, sun ci zanen ta ciki, in kika ɗaga shi rana na fitowa ta wuri goma. Na zagi ɓeraye, na zagi masu inji da ba sa tace buntu, na zagi masu ƙona gona. Usaini ya bari na gama, sannan ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban taɓa jin ɗana ya mayar min da magana ba sai ranar.

Mun kai ta asibiti a Kura, aka wanke, aka yi allura. Ma'aikaciyar ta ce akwai zazzaɓin da ɓera ke kawowa, a sa ido har kwana ashirin da ɗaya, in jiki ya yi zafi a dawo da gudu. Na hana Usaini da Saliha su gaya miki. Sau uku kina kira a cikin kwanakin nan kina tambayar ya mutuniyata, ina ce miki lafiya lau, hannuna a kan goshinta. Kowace safiya da tsinke nake zana layi a bango. Jiya na zana na ashirin da ɗaya, jikinta sanyi ƙalau, yatsa ya warke sai ɗan tabo kamar ƙwayar gero. Allah ya rufa asiri, ba dabarata ba. Na ci miki amana sau biyu, ta zane da ta ɓoye magana. Da-na-sani ƙeya ce, ni kuwa tawa ta yi nauyi.

Na zauna na yi tunani. Ina ta cewa don amanar Iya nake riƙe da yarinyar nan. Ba haka ba ne. Don kaina ne, don in ji ana hayaniya a tsakar gida, don wani ya ce min tsoho ka ci abinci. Kuma mutumin da zai sa kan jikarsa a gidan ɓera don ya ci gardama da surukinsa, bai kamata a bar masa riƙo ba. In an yi hutun ƙarshen shekara ku zo ku ɗauke ta. Ba fushi nake ba, kada ki kira kina lallashi, don in kika lallashe ni zan iya janyewa. Abu ɗaya nake roƙo. Ita a zatonta laifinta ne, wai don ta ci ƙuliƙuli a gado ba ta wanke hannu ba, har ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri a kan zanen Iya. Na gaya mata ba ita ba ce, ba ta yarda ba. In kun zo ku ce makaranta ce dalili. Kada ta ji sunan ɓera a bakin kowa.

Jaji direba ne zai kawo miki takardar nan, da ƙaramin buhun sabuwar shinkafa, da wani ƙulli a leda. Abin da ya tsira daga zanen ke nan, bai fi tafin hannu huɗu ba, daga tsakiya inda kan Aziza ke taɓawa. Na ɗinke shi ɗan matashin kai. Soso na sa a ciki. Allon kuwa Ɗanladi ya zo ya lulluɓe shi da soson da atamfar Saliha mai furanni, bai kai tsakanin azahar da la'asar ba ya gama. Ɗinkin kusurwarsa bai kama ƙafar nawa ba, amma da laushi, ba na musu. Gadon zai zauna a ɗakin yadda yake, ko za ku riƙa turo ta hutu.

Ki gaida Abdulsamad, ki ce masa na gode da shawarar soso, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, sauran ki ƙarasa min. Ki shafa min kan Jamaluddeen da ƙanwarsa Halimatu Sa'adiyya mai sunan Iya. Usaini na gaisuwa, Saliha ma, ta ce in ce ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Aziza ta ce a gaya miki ta kai izu biyu. Ba ta san me ke cikin takardar nan ba.

Ki yafe min zanen uwarki. Allah ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinki,
Datti Mai Akumari.