Kwalekwalen Buhun Taki a Zobe

Zuwa ga ƙanena Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zafin Legas? Ciwon gwiwar nan ya sake ka? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau, gero ya kusa isa girbi.

Saƙonka ya iso, wai in je in ɗauko 'yarka Hadiza tunda mijinta ya kai ta ruwa. To, na tafi dam ɗin Zobe da sandata, da faɗa cike da bakina.

Ka san mu, ba ma tafiya sai da dalili: biki, ta'aziyya ko neman magani. Shi ya sa mutanen garin mijin, Kurfi, suka yanke cewa wajen masu iskoki ya kai ta. Ashe hutu ne kawai! Mijin nata Isuhu, da yake tela ne, ya ɗinke buhunan taki ya ɗaura a gora bisa kwalekwale, iska na tura su. Dam ya cika, tuddai sun zama tsibirai, nan suke sauka su yi salla su gasa kifi.

Na ce, "Hadiza, me kuka zo nema?"

Ta ce, "Baba, ba komai. Kallo."

Ita ke riƙe da igiya, shi yana ta "To, ranki ya daɗe, direba." Rabona da jin dariyarta haka tun kafin rasuwar mahaifiyarta.

Ban ɗauko ta ba, Sani. Su suka ɗauke ni, har tsibiri biyu, kuma can na baro sandar da faɗan. Ka janye maganar, ka sa musu albarka.

Gai da yara da maƙwabta. A riƙa sa mu a addu'a.

Yayanka,
Bello