Shanyar Citta Don Tauraro

Kafanchan, 18 ga Nuwamba, 1979

Zuwa ga matata Edna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya jikinki, yaya karatun ungozoma, yaya zaman Ilori? Ni da Eli muna lafiya, sai kewarki.

Sabuwar gwamnatin farar hula ta dakatar da sayen hotunan tauraron ɗan'adam. Saura guda ɗaya da sojoji suka yi oda kafin su sauka, kuma da shi za a yanke hukunci kan ƙauyenku, Kurmin Ɗan'auta.

Kin tuna hoton bara ya nuna wurin daji ne babu kowa, har aka ware shi don gandun shanu, aka ce su Baba su tashi daga gonakinsu. Abokina Alexander, mai aikin taswira a Kaduna, ya bayyana mini dalili. Injin ba ya rarrabe abin da bai kai filin ƙwallo ba, don haka rufin ciyawa a ƙarƙashin ɗorawa da mangwaro duk daji ne a wurinsa. Sabon kwamishina ya ce zai dubi hoton ƙarshen, in ya ga alamar mutane ya soke gandun.

Tauraron zai wuce ta kanmu Alhamis ta sama da hantsi. Na kai wa dattawa shawara kowane gida ya tono cittarsa, ya tsaga, a shanya gaba ɗaya a falalen dutsen bayan majami'a, ya yi fari fat. Fasto ya tambaya ko wannan ba ruɗu ba ne. Baba ya ce tun kakanni a nan ake shanya, bana dai rana aka haɗa.

Eli yana gaishe ki, ya ce ki sayo masa takalmi.

Mijinki,
Zamani

Kafanchan, 30 ga Nuwamba, 1979

Maman Eli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin gama jarrabawa lafiya. Mu ma lafiya, sai ciwon baya.

An yi shanyar, amma saura kaɗan ta lalace. Kin san tun zaɓe ƙauyen ya rabu biyu, ko burkutu ba sa sha tare. Da na isa da safe na tarar kowace jam'iyya ta shanya tata a gefe guda, an bar fili a tsakiya wanda mota za ta iya juyawa a ciki. Na nuna musu cewa kowane ɓangare shi kaɗai bai isa a gan shi daga sama ba. Kawunki Yakubu ya rantse cittarsa ba za ta kwanta kusa da ta ɓarayin ƙuri'a ba. Na can suka ce tasa ma duk ruɓaɓɓiya ce. Rana kuwa tana ta ɗagawa.

Mama ce ta raba gardama. Ta ɗaga waƙar zumuntar mata, matan ɓangarorin biyu suka amsa, suka shiga kwasa daga hagu da dama suna zubawa a tsakiya, ba ruwansu da ta wane ce. Da cittar ta kasa, sai ga Alhaji Mijinyawa, ɗan kasuwar nan na Kachia, da mota cike da wadda ya saya. Ya ce in aka tashi manoma, a wurin shanu zai riƙa awo?

Honarabul Gregory, sabon ɗan majalisarmu, ya iso a makare ya yi jawabi cewa shi ya kirawo tauraron. Baba ya sa kwat ɗin da ya sa ranar aurenmu, ya tsaya a miƙe yana duban sama don a ɗauke shi da kyau. Ban iya gaya masa cewa ba zai fito a hoton ba. Sama ta yi wasai. Ba mu ga komai ba sai wata shirwa, Honarabul ya cire mata hula.

Yanzu citta ta gauraye, ba wanda ya san tasa. Na baro Kawu Yakubu da abokan gabarsa a inuwa ɗaya suna shawarar sayarwa tare. Da kina nan da kin yi dariya har hawaye.

Naki,
Zamani

Kafanchan, 19 ga Disamba, 1979

Edna tawa,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya shirin dawowa Kirsimeti? Eli kullum sai ya je tashar jirgin ƙasa ya duba.

Hoton ya iso Kaduna, kuma dutsen ya fito. Alexander ya zo jiya da labarin. Ya ce ɗigo ne fari, bai fi ƙwayar acca ba, a tsakiyar duhun kurmi. Kwamishina ya sa tabarau ya tambaya ko rufin kwano ne. Alexander ya gaya masa gaskiya, citta ce. Kwamishina ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa ganin saniya tana shanya ba, ya umarta a rubuta takardar soke gandun.

Da yamma na kai labarin ƙauye. An buga ƙararrawar majami'a, an yi rawa, Mama ta yanka zakara biyu. Baba ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Tun da na nemi aurenki bai taɓa yi mini haka ba. Honarabul kuwa ya ce zai kai ƙuduri majalisa a ci gaba da sayen hotunan, wai shi ya fara gane amfaninsu.

Mama da Baba suna gaishe ki, har da Kawu Yakubu. Ki zo da zanin rawa, amma kada ki yaɗa maganar a Ilori tukuna. An buga takardar tana kan teburin kwamishina, kuma har zuwa lokacin da Alexander ya baro Kaduna ba a sa mata hannu ba.

Mijinki mai jiranki,
Zamani