Wardin Baban Hamdiyya

Lahadi, 10 ga Nuwamba 2024
Baban Hamdiyya ya dawo daga Yamai da tsaraba: sanduna shida masu ƙaya a cikin baƙar leda. Wai wardi ne sabon iri, ɗan aure kamar mangwaro, kowane reshe fure ɗaya ƙato. Shekara talatin mijin nan nawa yana jan kamiyon siminti, babbar motar nan, tsakanin Malbaza da Ƙonni, ko ganyen zogale ban taɓa ganin ya tsaya ya duba ba. Daga yin ritaya ya zama Nasara.

Talata, 12 ga Nuwamba
Ya tumɓuke mini yakuwa da rabin alayyafo don ya dasa su. Na tambaye shi a wace miya ake sa su. Ya ci gaba da haƙa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba
Kowanne da ɗan kwali rataye a wuya. Ya ce in karanta masa, tunda ni na koyar da boko a lakwal. Sunayen matan Turawa ne! Ya sa an kawo ruɓaɓɓen takin awaki, ya kafa musu rumfar zana don kada rana ta taɓa su. Ni shekara biyu ina roƙon rumfa a madafa.

Asabar, 14 ga Disamba
Biyu sun mutu. Ban yi ta'aziyya ba.

Litinin, 23 ga Disamba
Kwana uku ba ruwa a famfo. Na randata ya kwashe ya ba su. Hannuwansa duk karce, kamar wanda ya yi kokawa da mage. Babba da shi bai iya kauce wa ƙaya ba. Wasila maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana dariya: "Malama, da icce maigidanki ka hira yanzu?" Na ce mata ta ji da akuyarta. Haukan gidana ne, ni ke da ikon yi masa dariya.

Juma'a, 17 ga Janairu 2025
Na farko ya buɗe. Wata biyu ana wahala a kan abin da bai kai albasa girma ba. Ya ƙwala mini kira: "Kubura, taho ki ga jan nan!" Rawaya ne sak. Na fashe da dariya. Sai ya miƙa hannu zai taɓa shi, ya damƙi iska, ya sake, ya damƙi ƙaya.
Na daina dariya.

Lahadi, 19 ga Janairu
Na kira ɗiyarmu Hamdiyya a garin Tawa, na matsa mata har ta yi kuka. Ashe wurin likitan ido ya je a Yamai, ita ta raka shi. Hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bi. Shi ya sa ya ajiye mota, ba gajiya ba. Ya sa ta rantse kada in sani. Furen kuwa a bakin titi ya gan su bayan sun fito, ya ƙi motsawa sai an ɗauka.
Ni za a ɓoye wa? Uba da ɗiya, maƙaryata biyu. Ban yi masa magana ba yini guda.

Laraba, 22 ga Janairu
Na same shi a tsugune wurinsu. Na ce na sani.
"Na ga kwalta har ta ishe ni," in ji shi. "Na so in ga wani abu dabam. In idon ya tafi, ai hanci na nan."
Na ce da turare ya saya da an huta. Na tsuguna kusa da shi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Ƙananan ƙwari sun cika bayan ganyen, shi bai gan su ba. Na jiƙa ganyen dogonyaro na fesa musu yana masallaci. Ƙazanta ce ba na so a tsakar gida.
Wani ya buɗe yau. Ya shinshina, ya tambayi launinsa. Na ce kamar cikin gwanda, bakin-bakinsa ya fi haske. Ya ce in ƙara. Na ce tsakiyar a naɗe take kamar ɗankwalin da aka ɗaura da kyau. Ya ce in ƙara.
Furen banza dai. Tuwona ya kama ina can tsugune.