Kyanwa Ta Ce Ba Ta Yarda A Cire Mata Haƙora Ba

Anti Hsiu-lan, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ni likitar dabbobi ce a wani ƙaramin asibitin karnuka da kyanwoyi a nan birnin Tainan, kuma na daɗe a aikin. An cije ni, an yakushe ni, wani aku ma ya taɓa zagina da muryar mai shi, amma sai bana marar lafiya ta aiko mini da saƙon cewa ba ta yarda ba.

Wata tsohuwa ce, Ama Chuang, ke kawo mini kyanwarta Heitang cikin kwando a gaban babur. Kyanwar na fama da mugun ciwon baki. Dasashinta ya kumbura ya yi jajir, miyau na zuba, sai ta matso kwano ta shinshina ta ja da baya tana kuka. Na gwada magani, ya lafa ya dawo. Abin da ya rage shi ne a cire mata haƙoran, kusan duka. Na san abin ba daɗin ji, amma kyanwoyi da yawa daga nan suke samun sauƙi, su ci su yi ƙiba. Ama ta ce za ta yi tunani. Ashe tunanin shi ne ta tura hoton Heitang ga wata Malama Yeh, cikin masu jin maganar dabbobin nan da suka cika gari, waɗanda za su dubi hoto su gaya maka abin da ke ran dabbarka.

Da ta dawo sai ta zauna ta ɗora jaka a cinya ta ce, "Likita, Heitang ta ce a'a, haƙoranta nata ne. Kuma kar ki ji haushi, 'yar nan, ta ce hannunki sanyi kamar kifin kasuwa." Na ce Ama, ni fa na leƙa bakin nan, ba Malama Yeh ba. Ta ce, "Ke baki kika leƙa, ita ciki ta leƙa. Kin ma tambaye ta kafin ki sa rana?" Na ji haushin kuwa, kuma har yau bai gama sauka ba.

Amma ga abin da ya hana ni sakat. Malamar ta ce Heitang na ba da haƙuri kan shayin da take sha a teburin tunawa da magabata na gidansu, a kofin da Ama ke ajiye wa marigayi mijinta, kuma Ama ta rantse ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Hannuna ma da gaske sanyi gare shi, mijina ya sha yin mita. To ta yaya ta sani? Duk rayuwata ina lalube ne a jikin waɗanda ba sa magana, ina latsa ciki ina duban ido ina kintace. Yanzu duk dabbar da aka ɗora mini a tebur sai na kama kaina ina tunanin me take cewa a kaina. Har hoton karena na ɗauka zan tura wa matar da sunan ƙarya in gwada ta, kunya ta hana ni.

Abokin aikina Likita Pan ya ce in daina wahalar da kaina, in kira Malama Yeh a ɓoye in roƙe ta ta ce kyanwar ta sake shawara. A halin nan kuwa Heitang sai ramewa take, ina jin ƙashin bayanta a tafin hannuna, kuma kyanwa in ta daɗe ba ta ci ba hantarta ke lalacewa. In bi ta ɓoye? In fito in ce wa Ama yaudararta ake? Ke kuma Anti, tsakaninki da gaskiya, kina ganin matar nan na jin wani abu?

Mai Hannun Sanyi, Tainan

*

Mai Hannun Sanyi,

Ban sani ba ko Malama Yeh na jin kyanwoyi, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Abin da na sani shi ne kyanwar da ba ta taɓa sa baki a kofin magabata ba a Tainan sai an tona, kuma likitan da ke wanke hannu yini guda dole hannunsa ya yi sanyi. Duk da haka son saninki ba abin kunya ba ne. Shi ya mai da ke likita tun farko.

Shawarar Likita Pan kuwa ki mayar masa da kayansa. Ranar da Ama ta gano an haɗa baki a bayanta, ta daina yarda da ke da malamar gaba ɗaya, Heitang ce za ta kwana a ciki. Kada kuma ki ce mata yaudararta ake. Ba ki da tabbas, kuma tsohuwa ba ta sauka daga magana don an nuna mata ta yi wauta.

Ki lura da wani abu. Ke a wurinki cire haƙora aiki ne na safiya guda. Mace mai shekarun Ama kuwa wataƙila ta taɓa zama a kujerar likitan haƙori, ta san ranar da rake ya fi ƙarfinta, ta san yadda ake rufe baki da hannu in za a yi dariya. Ina zargin ta je wurin malamar ɗauke da a'a ɗinta, ta samu wanda ya faɗa a madadinta. Ki zuba mata shayi ki tambaye ta yadda nata haƙoran suke, sannan ki yi shiru ki saurara.

Bayan haka ki nuna mata, kada ki yi ta bayani. Cikin waɗanda kika yi wa aikin akwai mai kyanwar da ba ta da haƙori ko ɗaya. Ki roƙe shi ya kawo ta, a ajiye mata kifi a gaban Ama. In ta nace sai an koma wurin Malama Yeh, ki ce kin yarda, amma a fili, ke ma kina wurin, da hoton cikin bakin Heitang, kuma a gaya wa malamar abin da yunwa ke yi wa hanta. Ko me take ji, da wuya ta so a ce da bakinta kyanwa ta mutu. Idan duk wannan bai yi ba, ki faɗa wa Ama ƙarara, cikin ladabi, cewa jira zai iya kashe Heitang. Faɗin wannan haƙƙinki ne, kuma ba mai ɗauke miki shi.

Gwajin hoton karenki zai iya jira, Heitang ba za ta iya ba. Ki kira Ama yau, kada ki bari sai ta zo da kanta. Ina miki fatan nasara, ina kuma fatan nan ba da jimawa ba Ama ta dawo miki da sabon ƙorafi, cewa kyanwar ta hana ta cin abinci cikin kwanciyar hankali.

Anti Hsiu-lan