Bikin da Kika Kira wa Motar Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa uwa tana durƙushe, ina fatan makwancinki yana da sanyi da yalwa. Mu nan Kazaure lafiya lau muke, sai abin da ba a rasa ba. Duwatsun nan suna inda kika bar su. Ni ce dai na tsufa, har gwiwa ta fara yi mini gardama in zan tashi daga tabarma.

Tambaya aka yi mini na kasa amsawa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maƙwabciyata Malama Rabi malamar firamare ce, da sanduna take tafiya. An mayar da ita wata makaranta can wajen Roni, kuma babur ɗin haya ya kayar da ita har ta gaji da faɗuwa. Ta shiga neman tallafin mota irin wadda mai lalurar ƙafa zai tuƙa da hannu, yau wannan ofis, gobe wancan, kowa sai ya ce ta dawo. Rannan ta zauna a tsakar gidana ta tambaye ni yadda Baba ya sami tasa, tun zamanin da masu ƙafa biyu ma ba kowa ke da mota ba. Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na tarar rabinsa yana wurinki, kin tafi da shi.

Bari in faɗa miki rabin da ke hannuna, ki ji ko na riƙe shi daidai.

Cutar shan inna ta karɓe ƙafafun Baba tun yana rarrafe, amma ya yi karatu har ya zama malamin asibiti. Keken guragu yake hawa, yana murza shi da hannu, shi ya sa kafaɗunsa suka fi na maƙeri faɗi. Ranar Juma'a in baƙo ya gan shi a ƙofar masallaci sai ya jefa masa kwabo a cinya. Baba ba ya faɗa. Kiran mutum yake ya dawo, ya damƙa masa kwabonsa, ya ce, "Ƙafa na rasa, ba abinci ba." Ni kunya nake ji a lokacin, ke kuwa in na kawo miki labarin sai ki yi ta dariya har da riƙe ciki.

Sai shekarun kuɗin fetur suka zo, muna Jihar Kano tukuna, aka yi ta buɗe ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Aka ƙara wa Baba girma, aka ce shi zai riƙa zagayawa yana duba na Roni da Gwiwa da Babura. Mun yi murna, har kika yi waina kika raba. Ba wanda ya tsaya ya tambayi keken guragu ko zai iya hawa tudun Roni.

Kin tuna ranar da muka raka shi tasha? Ɗan kamasho ya kama shi ta hammata, kwandasta ya kama ƙafafun, suka lilo da shi suka ɗora a kan buhunan gero a bayan akori-kura. Hularsa ta faɗi ƙasa. Mutane suka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma dariya ce. Ke kika ɗauki hular kika kaɗe kika miƙa masa, ba ki dubi kowa ba. Da ya dawo ranar bai ci tuwo ba.

Da damina ta sauka motocin haya suka daina shiga wasu ƙauyukan, zagayen ya fara tsallake masa. Manyansa suka kira shi, suka faɗa masa cikin mutunci cewa ko dai ya sami abin hawa, ko ya ajiye aikin a ba wani. Kin fi ni sanin abin da aikin nan yake a wurinsa. Shi ne abin da ya tsaya tsakaninsa da kwabon ƙofar masallaci.

A lokacin ana ba ma'aikata rancen mota, shi ma aka ba shi. Sai dai rancen na motar masu ƙafa ne. Shi kuwa wadda ba ta da kuloci yake bukata, ta fi tsada, sannan a kai ta wurin wani makanike a Kano ya haɗa mata sandar ƙarfe da za a danna birki da totur da hannu. Ofishin suka ce dokarsu ba ta san da direba marar ƙafa ba, ba za su ƙara ko sisi ba. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya aiko cewa zai cike gibin daga zakkarsa. Baba ya mayar da ɗan aiken da godiya, ya ce, "Mai albashi ba ya cin zakka, a kai wa masu ita." Kina daka a tsakar gida kina jinsa. Na ji saukar taɓaryar ta sauya.

Daga nan ne labarin ya fara kufce mini.

Tun ina ƙarama nake ganin kina ƙulle kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a bakin zane, ki tafi suna ko aure wurin ƙawayenki na biki. Abin da kika kai musu, ranar naki sha'anin za su dawo miki da shi har da ƙari. Su kuwa haihuwa suke ba ƙaƙƙautawa, ke ni kaɗai Allah ya ba ki. Kina ta kaiwa, ba a dawo miki. In an tsokane ki sai ki ce, "Ranar auren yarinyar nan za a san na yi ajiya." Ko sunana ba ki faɗa, don ni ce ta fari, amma duk ajiyar tawa ce.

Sai ga shi kin sayi goro, kin ɗaura zanen fita, kina bin ranakun kasuwa. Yau Roni, jibi Gwiwa, wani makon Babura. Zumunta a ƙafa take, haka kika ce wa Baba, shi kuma ya gyaɗa kai.

Umma, me kika ce musu? Wannan ita ce tambayar da ta hana ni sakat. Ba ciki, ba goyo, 'yarki tana firamare da allonta a hammata. Ban taɓa jin macen da ta kira biki ba aure ba suna ba. Ta ina kika fara? Kin bari an gama gaisuwa an sha fura tukuna, ko kuwa tun daga bakin ƙofa kika fasa maganar, kamar yadda kike yi in abu ya ishe ki?

Ɗan abin da na tsinta, a bakin 'yar ƙawarki Gwaggo Tabawa ta Babura na ji shi, shekaru bayan rasuwarki. Ta ce kin ajiye goro a gaban uwarta kika ce, "Biki na zo kira, amma amaryar tawa ta ƙarfe ce." Wai Gwaggo Tabawa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta shiga ɗaka ta fito da nata da sefa, kuɗin Nijar, don cinikinta na tsallaken iyaka ne. To sauran fa? Duka suka yi dariya? Akwai wata ƙawarki a Gwiwa da ban ƙara jin kin ambata ba tun daga wannan shekarar. Hana ki ta yi, ko magana ta gaya miki? Ina so in sani, ba don in yi fushi da ita ba, ita ma ta daɗe a ƙasa.

Baba kuma me kika ce masa? Na ji ya karɓi kuɗin yana cewa, "Wannan guminki ne ya dawo gida, ba sadaka ba ce." Amma bai tambaye ki wane biki ba ne? Mutumin da ya san awon kowane magani a ka, a ce bai san mace mai 'ya ɗaya biki ɗaya gare ta ba? Ko dai maza ne ba su san kan wannan harka ba, ko kuwa ya sani ya kawar da kai don bukata ta matsa? Har yau na kasa yanke hukunci.

Motar dai ta zo, shuɗiya, mai doron kunkuru. A filin makaranta ya koyi tuƙi, ya ture dangar maƙwabci sau ɗaya, ya biya da kara da haƙuri. Mutane suka riƙa leƙa taga su ga abin da ke taka birkin. Aikinsa ya tsira, ya yi ta zagaye har ya yi ritaya. Ba a sake ɗaga shi ta hammata ba, ba a sake jefa masa kwabo ba. Masu jefawar ma su suka koma roƙon a rage musu hanya. Ke kuwa kika ƙi zaman gaba, kullum kina baya kina ce masa ya rage gudu, alhali jaki yana iya wuce mu.

Ban san abin da motar ta ci ba sai da aurena ya zo. Ƙawayenki suka cika gida da guɗa, amma hannunsu sabulu ne da ɗan turare, don sun riga sun sauke nauyinsu. Da aka je jere a gidan mijina a Gwiwa, kwanonin ba su rufe ko rabin bango ba. Ba zan ɓoye miki ba, na ji kunyar dangin miji, na yi kuka a bayan ɗaki. Sai ƙanwar Baba, wadda bakinta ba ya da linzami, ta faɗa da ƙarfi yana ji, wai an cinye bikin yarinya a tayar mota. Ya kira ki zaure, ya ce zai sayar da motar. Amsarki kaɗai na jiyo: "Ba a mayar da amarya bayan an kai ta."

Ranar kai ni, da la'asar, motar haya tana jira a ƙofa. Sai muka ji ƙaho. Baba ne cikin babbar riga, ya kafa shuɗiyar a bakin zaure. Tsofaffi suka ɗauki salati, don uba ba ya kai 'yarsa ɗakin miji, balle 'yar fari da ko sunanta bai taɓa kamawa ba. Bai kula kowa ba. Aka sa ni a baya, ya tuƙa har Gwiwa. Da muka tsaya a ƙofar gidan, bai waiwayo ba, hannunsa na kan sandar birki, ya ce, "Saude, motarki ce. Aro na yi, kuma ban tambaye ki ba."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin sunana a bakinsa. Matan da suka fito da ni suna ta yaba yadda amarya ta iya kukan rabuwa da gida. Ba su san abin da nake yi wa kuka ba.

Na sha tunanin da kin tambaye ni a lokacin me zan ce. Gaskiya a'a zan ce, yarinya ce ni, kwanoni nake so. Ina jin kin san haka, shi ya sa ba ki tambaya ba. Ban riƙe ki ba, Umma. Kwanonin da aka jera mini sun daɗe da yin tsatsa, maganar Baba kuwa tana nan yadda ya faɗe ta. Ina kewarki, ina kewarsa, har wani lokaci in na ji ƙahon tsohuwar mota sai na leƙa.

Yanzu ga inda nake. Autata Maryam ce kaɗai ta rage ban aurar ba, bikinta yana hannun ƙawayena, shi nake so in kira wa motar maƙwabciyata. Malama Rabi ita ma ƙawar bikina ce, don haka abin da zan kai mata ba sadaka ba ne. Ni dai na tambayi Maryam tukuna. Jikar taki ta yi irin dariyarki ta ce ta yarda, in dai Malama ce za ta tuƙa ta zuwa ɗakin miji. Na sayi goro, na wanke zanen fita, ranar kasuwa zan fara da Roni. Abin da zan ce musu ne ban da shi, sai jimla ɗaya da na gada daga wurinki, ita zan ara.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa tafiye-tafiyen nan su zame miki inuwa ranar da babu inuwa sai tasa. Allah ya jiƙan Baba, ya tashe shi a kan ƙafafunsa biyu, ya sa ku shiga Aljanna kuna tafiya tare. Ya gafarta wa ƙawayenki duka, wadda ta bayar da wadda ta hana. Amin.

'Yarki ta fari kuma ta ƙarshe,
Saude